Nauyin tishat da kuɗin aike: yadda za ki san lissafinki kafin ki kai kaya shahan

"Assalamu alaikum. Ina zaune a Makka, wajen Shari' Mansur. Wata huɗu ke nan da na sayi injin matse zane na fara buga tishat a gida, ina tallata su a WhatsApp da Instagram. Yanzu ana nema daga Riyad da Madina, ga 'yan'uwa a Kano da Yamai su ma suna so. Matsalata kuɗin aike. Duk wanda ya tambaya sai in yi kintace, kuma sau uku ke nan ina cikawa daga aljihuna. Yaya zan san nauyin riga da abin da za a caje ni tun kafin in kai kayan?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya sa wa sana'ar albarka. In na fahimce ki daidai, so kike mai saye ya tambaye ki a waya ki faɗa masa kuɗin aike nan take, kuma in kin kai kayan ofishin shahan, wato wajen masu aika kaya, a karɓi daidai abin da kika faɗa. Wannan mai yiwuwa ne. Kayan aikin da kike buƙata sikelin kicin ne, da tef ɗin tela, da littafi guda.

Na yi shekaru a wani ofishin kago a Jidda ina ɗora kwalayen mutane a sikeli, kafin in koma buga riguna in zama ni ake auna wa kaya. Abin da na gani ta ɓangarorin biyu ɗaya ne: mai riga da nauyin riga yake lissafi, mai shahan kuwa ba ruwansa da riga, ƙunshi ya sani. Kuma ƙunshin nan ba hanya ɗaya ake yi masa kuɗi ba. Wani wurin ƙirgawa ake yi, ƙunshi ɗaya kuɗi kaza, ko me ke ciki. Wani wurin rabin kilo rabin kilo ake hawa, kamar matakala. Wani wurin kuma girman kwalin ake aunawa, ki biya kuɗin iskar da ke ciki. Ina kyautata zaton cikon da kike yi daga biyun ƙarshen nan yake fitowa.

Nauyin rigar kanta

Idan kin saro fararen riguna a wajen dila, a jikin leda ko a fatura, wato rasidin saye, za ki ga an rubuta GSM da wata lamba: 150, 160, 180, wani lokaci 220. Lambar nan tana faɗa miki giram nawa yadin zai yi in aka yanko mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi. Sa'ar da muka yi ita ce rigar babban mutum mai lamba L kusan wannan mita ɗayan take ci. Shimfiɗa ta a ƙasa ki gani: faɗin ƙirji wajen santimita 54, tsawo wajen 72. Gaba da baya sun cinye kusan kashi huɗu cikin biyar na mitar, hannaye biyu da wuya su cike saura. Don haka rigar L ta yadin 180 za ta zo miki giram 170 zuwa 190. Lambar da ke jikin leda kusan ita ce nauyin rigar. Daga nan sai ki sauka ko ki hau: S wajen 150, XXL ta haura 210, ta yara 'yan firamare kusan rabin ta manya.

Inda mutane ke faɗawa shi ne rigunan nan masu faɗi da kauri da matasa ke yayi. Yadinsu 220 ne ko 240, ɗinkinsu kuma ya fi cin yadi, sai ki ga ɗaya ta kai giram 280, wata ta taɓa 300. Rigar sanyi mai hula kuwa ita kaɗai ta wuce rabin kilo. Kada ki haɗa lissafinsu da na tishat.

Zanen da kike matsawa ba shi ne abin damuwa ba. Takardar DTF, wadda ake buga zane a kanta a matse shi a riga, mai girman shafin littafi 'yan giram kaɗan take ƙarawa, da wuya ta wuce goma. Tawadar da ke shiga cikin zaren roba ma sikelin kicin ba ya ganinta. Abin da ya fi zane nauyi shi ne kayan naɗi: farar ledar ciki, ledar waje mai manne baki, katin godiya, da ɗan tambarin da ake ratayawa a wuya. Ni giram 30 nake ware musu. To riga ɗaya L a naɗe wajen 220 ke nan, biyu wajen 410, uku wajen 600. Lura da wannan wuri sosai. Riga biyu suna ƙasa da rabin kilo, ta ukun ce ke tsallaka ki mataki na gaba. In kuma masu kaurin nan ne, biyu ma sun tsallaka.

Duk wannan ƙiyasi ne na fara hanya. Ki ware yammaci ɗaya, ki ɗauko kowace lamba ta kowane yadi da kike sayarwa, ki naɗe ta kamar yadda za ta fita, ki manne ledar, ki ɗora a sikeli, ki rubuta. Sannan ki yi na biyu-biyu, da na uku-uku, da na biyar. Daga ranar kin daina kintace.

Akwai wani abu da sai wanda ya daɗe da auduga yake lura da shi. Auduga tana shan laimar iska, a yanayi na yau da kullum tana riƙe wajen kashi 7 ko 8 cikin 100 na nauyinta ruwa. Rigar da ta fito daga ƙarƙashin inji da zafinta busasshiya ce ƙayau, in kin auna ta a lokacin za ta ruɗe ki. Bari ta kwana. A riga ɗaya bambancin ba komai ba ne, amma kwali mai riga 100 da aka auna a Makka, ya sauko Jidda ya kwana biyu a sito lokacin zafi da gumin teku, yana iya ƙara 'yan ɗaruruwan giram. Shi ya sa a babban kwali nake ƙara kashi 5 cikin 100 a kan abin da sikelina ya nuna.

Iskar da ke cikin kwali

Nan ne aka fi cin kuɗin sababbin shiga, kuma ni ma da na san abin sai da ya ci ni. Farkon fara sana'ata wani ya yi odar riga biyu zai ba amininsa kyauta a Landan. Na ce bari in burge. Na samo kwali mai kyau mai murfi, na shimfiɗa takarda mai laushi, na kwantar da rigunan gefe da gefe don zanen ya fito. A gida na auna, giram 650, na ce masa kuɗin kilo ɗaya, ya turo. Da na je ofishin, yaron da ke kanta ya ɗora a sikeli, ko kallon lambar bai yi ba, ya zaro tef daga aljihun gaba. Tsawo 40, faɗi 30, tudu 12. Ya danna na'urar lissafi ya juyo da ita gabana: 2.88. Kilo uku. Ni da na yi shekaru ina juya wa wasu irin wannan na'ura, sai na tsaya ina sosa ƙeya. Ribar rigunan biyu da wani abu a kan uwar kuɗi duk suka tafi a kwalin.

Dalilin a fili yake. Jirgi wuri yake sayarwa kamar yadda yake sayar da nauyi, kwalin auduga kuma yana tare wurin da kwalin ƙarfe zai zauna. Saboda haka kamfanonin aike na gaggawa irin su DHL suna ninka tsawo da faɗi da tudu a santimita, su raba da 5000. Abin da ya fito shi ne nauyin girma. Sai su duba shi da nauyin sikeli, wanda ya fi yawa shi za ki biya. Kagon jirgin sama na manyan kaya galibi da 6000 ake rabawa, shi ya sa ya ɗan fi sauƙi. Ki tambayi kowane ofishi da wace lamba yake rabawa, ki rubuta a littafinki.

Yanzu gwada da leda. Riga biyu a ninke da kyau, an danne iskar kafin a manne: 28 da 22 da 4. Ninkawa ta ba da 2464, a raba da 5000, ya zama 0.49. Rigunan nan biyu da suka ci mini kilo uku a kwali, a leda rabin kilo ne. Tishat ba ta fashewa, ba ta karyewa, babu abin da kwali zai yi mata in ba ado ba. In mai saye ya nace sai kwalin kyauta, babu laifi, amma ki auna kwalin ki faɗa masa kuɗinsa daban. Abin da kawai zan ja hankalinki a kai wajen ninkewa shi ne kada zane ya kwanta a kan zane. Ki ninka ta baya, ko ki sa siririyar takarda a tsakani, domin cikin motar kaya a watan Yuli ba wasa ba ne.

A babban kwali lissafin juyawa yake yi. Kwali mai 60 da 40 da 40, nauyin girmansa kilo 19.2 ne in an raba da 5000, kilo 16 in da 6000. In kin cika shi taf da riguna wajen 100, sikeli zai nuna kusan kilo 20, kin ci moriyar kowane lungu. In riga 60 ce a ciki, sikeli zai nuna kilo 12 da ɗoriya, ki biya na 16 ko 19. Maganinsa wuƙa: tsaga kusurwoyin kwalin huɗu zuwa inda kaya suka tsaya, lanƙwasa, ki ɗaure da salatif.

Riyad, Madina da sauran cikin gida

A cikin Saudiyya, in gaskiya za a faɗa, giram ba shi ne zancen ba. Gidan wayar ƙasa da ya koma suna SPL ko Subul a 2021, da SMSA, da Aramex, da ire-irensu, tsarin da ƙananan 'yan kasuwa suka fi samu a wajensu shi ne kuɗi ɗaya ga ƙunshi har zuwa wasu kiloli, sai an haura su ake ƙari. Ma'ana riga ɗaya da riga shida kuɗinsu ɗaya zuwa Riyad. To wanda ya sayi ɗaya shi ne mai tsadar aike, kuma dabararki ita ce ki sa shi ya ƙara ta biyu. In kin ce masa kuɗin aike ba zai ƙaru ba ko ya haɗa da ta ƙaninsa, sau da yawa zai haɗa.

Abin da ke ɓoye a nan ƙananan caji ne da ba a faɗa miki sai kin tambaya. Na farko haraji. Tun watan Yuli na 2020 harajin saye kashi 15 cikin 100 ne, kuma wani farashin da za a faɗa miki bai haɗa da shi ba. Na biyu, in mai saye sai kaya sun iso hannunsa zai biya, kamfanin yana da kuɗinsa daban na karɓo miki kuɗin. Na uku shi ne wanda ya fi ciwo, kayan da suka dawo. Mandub, wato mai kai kaya gida, ya kira sau uku ba a ɗaga ba, ko an ɗaga an ce an fasa, ƙunshi ya juyo, kin biya zuwa kin biya dawowa.

Bari mu yi misali da lambobin da na ɗauka kawai don lissafi, ke ki sa naki. A ce aike riyal 25 ne, da haraji ya kusa 29. A ce cikin ƙunshi 20 biyu sun dawo, kowanne ya ci 29 zuwa da 29 dawowa, jimla 116. Raba wannan a kan 18 ɗin da suka isa, kowanne ya ɗauki wajen riyal 6 da rabi. Ƙara riyal 2 na leda da takardar bolisa da ake manna wa ƙunshi da bayanin aike. Aiken da kike ce wa mutane 25 ne, a aljihunki 37 ne ko 38. Wannan gibin ba sikelin da zai nuna miki shi.

Shi ya sa ni rigar da aka buga wa sunan mutum ko hotonsa ba ta fita sai an biya. Rigar da ke ɗauke da sunan wani, in ta dawo, sai dai ta zama tsumman goge inji. Dokar cinikin intanet ta 2019 ta ba mai saye damar mayar da kaya cikin kwana 7 in bai yi amfani da su ba, amma ta cire kayan da aka yi musamman bisa buƙatarsa. Ki rubuta wannan a fili a shafinki tun kafin a yi oda.

Sai adireshi. Kada ki yarda da "bayan masallaci, kusa da baƙala". Ki nemi unwanul watani na mai saye, wato adireshinsa na hukuma, gajerensa haruffa 4 ne da lambobi 4, ki haɗa da lambar wayar da yake ɗagawa. Yawancin kayan da na ga sun dawo, a kan adireshi da waya suka dawo. Tsakanin Makka da Jidda kuwa, tafiyar kilomita 80 ce ko ƙasa da haka, mandub mai motarsa da kika yarda da shi yakan fi kamfani sauri, musamman in kin tara masa ƙunshi biyar ko shida a rana ɗaya. In sana'ar ta kafu kuma takardunki sun cika, shagunan intanet irin su Salla da Zid suna ba masu shago farashin aike mai rangwame, saboda su a dunƙule suke ciniki da kamfanonin.

Kano da Yamai

Nan giram ya dawo da ƙarfinsa. Kamfanin gaggawa rabin kilon farko ne mai tsada, abin da ya biyo baya yana sauƙi, kuma a kan farashin akwai ƙarin kuɗin mai da ke hawa da sauka. Riga ɗaya tak zuwa Kano ta wannan hanya, kuɗin aiken kan fi kuɗin rigar, kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba. Gidan waya yana da tsarin ƙaramin ƙunshi wanda iyakarsa kilo 2 ne a ƙa'idar gidajen waya ta duniya, wajen riga tara ke nan. Ya fi araha, sai dai a yi haƙuri da jira.

Hanyar da mutanenmu suka fi bi ita ce kago, kilo kaza riyal kaza. A nan tambaya uku za ki yi kafin ki sauke kaya daga mota. Mene ne mafi ƙarancin kilon da suke karɓa? Kuɗin ya haɗa da fitar da kaya daga kwastan, ko a filin jirgin Malam Aminu Kano za a bar wa mai karɓa? Kuma a ina za a karɓa, ofishinsu na cikin gari ko har gida? Na sha ganin an yi murnar farashi mai sauƙi a Jidda, a can kuma aka ce wa mai karɓa sai ya kawo wani abu. Shawarata ki tara odar Kano wuri ɗaya, ki sa rana ɗaya a wata, ki aika kwali guda ga mutum ɗaya amintacce ya rarraba. Kuɗin kwalin sai ki raba shi a kan adadin riguna, ki saka a farashin kowace. A takardar kwastan ki rubuta gaskiyar abin da ke ciki da gaskiyar kuɗinsa. Lambar tishat ɗin auduga a tsarin kwastan na duniya 6109.10 ce, in an tambaye ki.

Ba wa mai Umara ko alhaji saƙo kuwa, kowa na yi, ni ma na yi. Amma jakar nan mai kilo 23 da jirage da yawa ke bayarwa, mai ita ya riga ya cika ta da dabino da jallabiya da tsarabar dangi. Riga biyar kilo ɗaya ce cur daga rabonsa. Ki auna a gabansa, ki buɗe ledar ya ga abin da ke ciki da idonsa, in ya yi nauyi a filin jirgi ke za ki biya. Kuma kada ki gina kasuwa a kan wannan, alfarma ba ta da ranar tashi.

Wajen faɗin farashi, ki tsaya a riyal. Riyal a ɗaure yake da dala, 3.75 ne dala ɗaya shekara da shekaru. Sefar mutanen Yamai ita ma a ɗaure take da yuro, ba ta cika tsalle ba. Naira ce ke iya canzawa tsakanin ranar oda da ranar biya, don haka ki ce riyal kaza, a canza a farashin ranar da za a tura.

Akwai kuma abin da zan so ki yi tunani a kai. In odar Kano ta yi yawa, anya sai rigar ta hau jirgi? Fararen riguna suna nan a kasuwannin Kano, masu injin matsewa ma suna nan. Abin da yake naki shi ne zanen. Takardun zane na riga 50 a naɗe nauyinsu bai wuce na 'yan riguna kaɗan ba. Na san wasu masu sayen so suke a ce daga Makka rigar ta zo, su kam sai ki caje su kuɗin jirginta ba kunya. Amma mai son anko na biki riga 60, zane kawai yake buƙata daga wajenki.

Ban sa miki farashin kowane kamfani ba da gangan, domin abin da zan rubuta yau kafin ki karanta ya iya canzawa. Lissafin nan kuma na mai ƙaramin jari ne, mai fitar da ƙunshi 10 ko 20 a mako. Ranar da kika fara fitar da ɗaruruwa, zama za ki yi da kamfani ku yi yarjejeniya, a nan ciniki ake yi kamar na kasuwa. Abin da za ki yi a makon nan shi ne ki naɗe ƙunshi uku, mai riga ɗaya, mai biyu, mai biyar, ki shiga ofisoshi biyu ko uku da su a hannu, a auna, a faɗa miki kuɗin Riyad da na Kano tare da haraji, ki rubuta da kwanan wata. Duk bayan wata uku ki sake zagayen.

Ki kuma sa ido a kan lokutan cunkoso. Goman ƙarshe na azumi da makon da ke gaban 23 ga Satumba, ranar ƙasa da kowa ke neman koriyar riga, kaya kan yi jinkiri a hanya, kuma rigar da ta isa bayan biki dawowa take yi. In za ki buga na ranar ƙasa, ki bar tuta mai kalmar shahada da tambarin gwamnati, ma'aikatar kasuwanci ta hana sa su a kayan sayarwa. Ni odar wajen gari nake rufewa tun ranar 15 ga Satumba, abin da ya zo bayan haka sai na Makka da Jidda da mandub zai kai da hannunsa.